Idan cuta ta ɓulla a aji, a faɗa wa iyaye ko a rufe maganar?

Baban Ummi (Gwammaja):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ni ne sakataren ƙungiyar iyaye da malamai a makarantar yarana, kuma a zamanmu na ƙarshen wata ana so mu tsayar da magana ɗaya: idan annoba ta sake shigowa, Allah ya kiyaye, ta wace hanya makaranta za ta riƙa sanar da iyaye, kuma me za ta faɗa musu? Kowa ya tuna 2020, lokacin korona. A rediyo muka ji gwamnonin Arewa maso Yamma sun zauna a Kaduna sun ce a rufe makarantu daga 23 ga Maris, na kwana 30. Kwana 30 ɗin nan sai da ya kai mu Oktoba. Duk tsawon lokacin, saƙon da yawancinmu muka samu daga makaranta bai wuce tunin bashin kuɗin zango na biyu ba. Masu makarantu, malamai, ma'aikatan lafiya, musamman iyaye mata, don Allah kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Ku buɗe guruf na WhatsApp mana, a zuba duk iyaye a ciki. Magana ta ƙare.

Maman Hanif:
Guruf kam muna da shi tun tuni, Abban Sadik, hotunan walimar yaye ɗalibai da sanarwar kuɗin littafi ne cike da shi. Ni abin da ake ɓoyewa ne ya dame ni. Lokacin mashaƙo a 2023, makarantar 'yata ta turo saƙo da daddare cewa gobe da jibi babu karatu, za a yi gyaran banɗaki da feshin sauro. Muka yarda. Sai a gidan suna na ji daga bakin wata cewa yaro ne ɗan aji uku aka kwantar, wuyansa ya kumbura. Ajin 'yata ke nan. A tsakanin nan ta kwana ɗaki ɗaya da ƙaninta da ko yaye shi ba a yi ba, ta je Islamiyya, ta je gidan kakarta. Allah ne ya tsare. Amma da an gaya mini gaskiya, da na san matakin da zan ɗauka.

Mai Makaranta (Hotoro):
Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, abin da aka yi muku bai kyautu ba. Amma bari in faɗi abin da ke ran mai makaranta, tunda ba kowa ne zai fito ya faɗa ba.

Duk saƙon da ka rubuta a guruf ya fita hannunka. Kafin ka ajiye wayar an ɗauki hotonsa an tura guruf ɗin dangi, daga nan guruf ɗin unguwa, daga nan Facebook. Ka rubuta "an samu yaro ɗaya ba shi da lafiya", kafin la'asar ya zama "yara sun mutu a makarantar wane, mai makarantar ya gudu". Litinin ta zagayo aji ya zama rabi, kuma waɗanda aka cire ba gida aka zaunar da su ba, makarantar layin baya aka mayar da su. Albashin malamai daga kuɗin makarantar nan yake fitowa, haya ma haka. A 2020 zango na uku gaba ɗaya ba mu karɓi sisi ba. Na san malaman da suka koma tuƙa adaidaita sahu, har aka buɗe makarantu ba su dawo aji ba. Wanda ya ga wannan, idan hannunsa ya yi rawa kafin ya rubuta sunan cuta, a yi masa uzuri.

Ni tsarina, ba na rubutawa. Ina kiran iyayen ajin da abin ya shafa a waya, ɗaya bayan ɗaya, in faɗa musu da bakina.

Maman Hanif:
To Yallabai, ai ka faɗa musu ke nan. Mu gyaran banɗaki aka ce mana.

Anti Nas:
Salam. Ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma na yi aiki lokacin da mashaƙo ya yi tsanani. Yallabai mai makaranta, kiran waya ba laifi, in dai za a gama shi a ranar. Abin da nake so iyaye da malamai su gane shi ne, a wannan cuta kwanaki ne komai. Daga shigar ƙwayar jikin yaro zuwa bayyanar alama yawanci kwana 2 zuwa 5 ne. Tana farawa da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, abin da kowace uwa za ta ce mura ce ta aika kemis a sayo farasitamol. Sai wata fata mai ruwan toka ta fito a maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya fara wahala. Dafin da ƙwayar ke fitarwa yana iya taɓa zuciya ko bayan maƙogwaron ya warke. Maganin karya dafin kuma a asibiti kaɗai ake yin sa, kuma ya fi aiki idan an kawo yaro da wuri.

Uwar da aka gaya wa "an samu mashaƙo a ajin ɗanki", idan yaron ya ce maƙogwaronsa na ciwo, a daren za ta nufi asibiti. Wadda aka ce wa gyaran banɗaki ake yi, za ta ba shi zuma da lemon tsami ta jira kwana uku. Bambancin ke nan, kuma mun ga ƙarshen duka biyun a ɗakin kwanciya.

Sannan akwai wanda ya kamata makaranta ta kira tun kafin iyaye. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Shi zai zo ya tantance waɗanda suka yi cuɗanya da yaron, a ba su maganin kariya, a duba rigakafinsu, a riƙa bibiyarsu. Hedimasta ba likita ba ne, bai kamata ya yanke hukuncin rufewa ko buɗewa shi kaɗai ba. Baban Ummi, ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ku karɓi lambar wannan jami'i, a manna ta a ofishin hedimasta. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ma tana da layin kyauta, 6232.

Baban Ummi (Gwammaja):
Na gode Anti, na rubuta. Amma a saƙon, a faɗi ajin ko kar a faɗa?

Anti Nas:
A faɗi cutar, a faɗi ajin, a faɗi alamomin da za a lura da su, a faɗi inda za a kai yaro. Sunan yaro kuwa haramiyarku.

Ummu Aisha:
Anti, a gafarce ni, amma faɗin aji ai faɗin suna ne. Yaran sun san wanda bai zo ba. Kin manta yadda aka yi da mutane lokacin korona? Gidan da motar ma'aikatan lafiya ta tsaya a ƙofarsa, ko almajiri ba ya shiga bara. Wata maƙociyata da aka kai mijinta wurin killacewa na Kwanar Dawaki, ya dawo lafiya lau, amma sai da aka daɗe ana janye yara daga wasa da nata. Uwa ta ga haka, gobe ɗanta ya kwanta, kina ganin za ta sanar da makaranta? Cewa za ta yi sun tafi ƙauye.

Anti Nas:
Maganarki gaskiya ce, kuma ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. Sai dai yaran za su san wanda bai zo ba ko makaranta ta yi magana ko ba ta yi ba. Abin da makaranta ke iya yi shi ne ranar dawowarsa. Malamin aji ya tarbe shi, ya gaya wa 'yan ajin likita ya sallame shi ya warke, a zaunar da shi a bencinsa na da. Iyaye na kallon yadda aka yi da ɗan wani kafin su yarda su faɗi na nasu.

Malamar Firamare (Kurna):
Ina ta karantawa ina murmushi. Duk maganar makarantar kuɗi kuke yi. Ku zo makarantar gwamnati ku gani. Ajina ya haura yaro ɗari. Yallabai na Hotoro ya ce a kira iyaye ɗaya bayan ɗaya, da katin wa? Rijistar da muke da ita, lambar da aka rubuta tun shigar yaro aji ɗaya ce, wata ta kawu ce, wata ta maƙoci, wata layin ya mutu. Inda aka dace lambar uba ce, shi kuwa tun safe yana kasuwar Kwari ko Singa ko Dawanau, sai bayan isha'i zai shigo. Wadda take tare da yaron, wadda za ta taɓa goshinsa ta ji zafi, ita ce ba ta da babbar waya. Idan tana da ita ba data. Idan akwai data, rubutun Turanci aka turo.

Takarda kuma kar ma a fara. Ka ba ɗan aji biyu takarda ya kai gida, a hanya za a ƙunshe masa awara a ciki.

Abin da na ga ya yi aiki a wurinmu abu uku ne, kuma babu na zamani a ciki. Hedimasta ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya sa mai shela ya zagaya lunguna da lasifika. A gaya wa limaman masallatan unguwa su faɗa bayan magariba. Sannan matan da ke cikin kwamitin al'umma na makaranta su shiga gida-gida, don su ne ake buɗe wa ƙofa har tsakar gida. Kafin wayewar gari labari ya kai ko'ina, kuma an san bakin da ya fito.

Abban Sadik:
Malama, amma ai an yi darasi ta rediyo da talabijin lokacin kulle, kuma an amfana.

Malamar Firamare (Kurna):
An yi, kuma waɗanda suka tsara sun yi ƙoƙari. Gidan da akwai babba da zai zauna da yaro ya riƙe masa fensir sun amfana. Sauran kuwa ni na karɓe su a Oktoba. Wasu da suka iya haɗa baƙi a Maris sun dawo sai an sake daga farko. Wasu 'yan matan manyan aji ba su dawo ba sam, talla ta ɗauke wasu, wasu an yi musu aure. Babu wanda ya bi sawunsu, domin tun farko babu wata igiya tsakanin makaranta da gidajensu. Da aka ce mu bayar da tazara kuwa, ni dai na kalli ajina na kalli takardar umarnin, na ninke ta na sa a jaka.

Ɗan Birni:
Ni fa har yau ban yarda an yi korona a Kano ba. An rufe mu cikin azumi, an hana mu kasuwa da Juma'a, an cinye kuɗi, shi ke nan. Yaro nawa kuka gani ta kashe? Asarar karatu kawai aka jawo wa yara.

Kawu Na Yakasai:
Ɗana, yi a hankali. A 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko a Kano, a 16 ga wata aka sa kulle, a 27 Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu. Tsakanin nan ka tambayi masu haƙar kabari abin da suka gani. Dattawa nawa muka rasa cikin 'yan makonni, malamai da 'yan boko da masu sarauta? Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu a wancan tsakani, kuma akwai yiwuwar rabi ko fiye suna da alaƙa da cutar. Gaskiya ne ba ta cika kayar da yara ba. Amma a garin nan yaro da kakansa tabarma ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci. Ko rufewar wata kusan bakwai ta yi yawa, wannan a yi muhawara, ni ma ina ganin ta yi yawa. Cewa ba a yi cutar ba kuwa, kar ka faɗa a gaban wanda ya binne mahaifinsa a watan.

Baban Ummi, ga abin da zan ƙara maka, don na ga jiya na ga yau. Mutanen Kano ba haka kawai suke ɗari-ɗari da maganar lafiya ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan har cikin 2004. Me ya dawo da mutane? Sanarwar Abuja? A'a. Sai da aka ga sarakuna da malamai da masu unguwanni sun miƙa nasu 'ya'yan ana ɗiga musu. A 2014 kuwa, lokacin Ebola, wata asuba a watan Agusta waya ta yi ta ƙara a kowane gida, wai a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka yi, har da masu digiri, wasu masu hawan jini suka ƙare a asibiti. Me ya sa aka yarda? Saboda yayarka ce ta kira ka, ba baƙo ba.

Don haka saƙon makaranta ya fito daga muryar da iyaye suka sani. Hedimasta ya yi saƙon murya da Hausa, ya faɗi sunansa da ranar da yake magana, kada ya wuce minti ɗaya. Faɗin ranar yana da muhimmanci, don na sha jin tsohon saƙo ya dawo bayan shekara ana ta firgita.

Maman Hanif:
Kawu ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Masu rigakafi su ma kar a bari su faɗo makaranta ba sanarwa. Sai yaro ya dawo gida ya ce yau an yi mana allura, uwa ba ta san ta mene ne ba. An taɓa yi a unguwarmu, wani ya ce ana yi wa yara allura a makaranta, mata suka fito a guje wasu ko mayafi babu, aka cika bakin get ana dukan ƙofa. Da an gaya mana kwana biyu kafin nan ga ranar, ga allurar, ga dalilinta, da da kanmu za mu raka su.

Malamin Islamiyya (Rijiyar Lemo):
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake jira wani ya ambace mu, sai Maman Hanif kaɗai ta yi a wucewa. Yaron da kuke magana a kansa, da safe yana boko, da yamma yana wurinmu, bayan magariba wataƙila yana makarantar allo. Idan makarantar boko ta sallami aji saboda cuta ba ta gaya mana ba, ƙarfe huɗu duk suna gabana a kan tabarma, kafaɗa da kafaɗa, suna karatu da ƙarfi, suna shan ruwa da moɗa ɗaya. Me aka tsare? Kuma wallahi iyaye sun fi jin maganarmu. Matan aure suna zuwa ajinmu na Asabar da Lahadi, abin da muka faɗa a nan ya shiga gida kai tsaye. Muna da abin faɗa kuma daga addini: hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla da fita daga cikinsa yana cikin Bukhari da Muslim. Amma ba a taɓa gayyatarmu zaman irin wannan ba.

Baban Ummi (Gwammaja):
Allah ya gafarta Malam, an karɓi gyara. Akwai Islamiyyu biyu a layinmu, zan kai musu takardar gayyata da kaina.

Mai Makaranta (Hotoro):
Na ji duka, kuma zan ɗauki shawarar saƙon murya. Amma tunda ana faɗa mana gaskiya, iyaye ma su ji tasu. Kullum muna cewa yaro mai zazzaɓi ya zauna a gida. Sai a ba shi magani da safe jikin ya yi sanyi, a sa masa yunifom a turo mana, ƙarfe sha ɗaya ya kife kai a kan benci. Ka kira uba ya ce yana kasuwa, a bar shi ya kwanta a ofis har a tashi.

Ummu Aisha:
Yallabai, ka tambayi dalili. Ranar gwaji ce, kuma dokarku ita ce wanda bai rubuta ba sifili ne. Na biya kuɗin zango cif, in bar shi a gida ya faɗi? Ku ce duk yaron da rashin lafiya ta hana shi gwaji za a sake masa ba tare da an biya komai ba, ku gani in za mu turo.

Malamar Firamare (Kurna):
Ku cire kyautar "bai taɓa fashi ba" ma da ake bayarwa ranar walima. Saboda ita na ga yarinya ta zo da ƙyanda a fuskarta.

Mai Makaranta (Hotoro):
Kyautar zan iya cirewa. Sake gwaji kuwa sai na zauna da malamaina, don aikin a kansu zai faɗa, kuma akwai iyayen da za su mayar da shi hanyar jin tambayoyi daga bakin 'yan aji. Sai dai a ce da takardar asibiti.

Ummu Aisha:
Zazzaɓin kwana ɗaya wa yake zuwa asibiti ya bi layi don takarda? Ka dai yarda da maganar uwa.

Mai Makaranta (Hotoro):
Hajiya, da kin riƙe makaranta zango ɗaya da ba ki ce haka ba.

Abban Sadik:
Anti Nas, tambaya a gefe. Makarantar yarana ta fara neman katin rigakafi kafin ɗaukar yaro. Na babban ya ɓata tun tashinmu daga tsohon gida, kuma mahaifiyarsa ba ta tabbatar ko an gama masa ba. Yanzu shekararsa bakwai. Ya wuce lokaci?

Anti Nas:
Bai wuce ba. Wadda ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, wato Penta, ita ce ke ɗauke da kariyar mashaƙo, kuma yawancin yaran da cutar ta kama a Kano ba su yi ta ba ko ba su kammala ba. Ɗan shekara bakwai akwai wadda ake yi wa manyan yara, ana ce mata Td. Ku fara komawa asibitin da aka fara yi masa, wani lokaci sunansa na nan a rijistarsu. In ba a samu ba, ku gaya wa ma'aikaciyar rigakafi gaskiya cewa ba ku da tabbas, ita za ta tsara muku. A asibitin gwamnati kyauta ne. Ku tambayi ranar da suke yi kafin ku je, don ba kowane ƙaramin asibiti ne yake yi kullum ba, kuma ku tafi da ƙannensa da katunansu a duba gaba ɗaya.